Igiya Tsakanin Saniya da Maraƙi

Tacuarembó, Talata, farkon Agusta

Noelia,

Yau Talata. Na kwana ina tari, ƙafar hagu ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga, amma da kaina na tashi na ɗora ruwan mate, shayin ganyen nan namu. Saboda haka ban mutu ba tukuna, ko da tambayar ta taɓa zo miki. Ina fata kina lafiya, ke da aikin nan da ya hana ki shiga motar rabin yini ki ga ubanki.

Labari ya same ni daga bakin Nilza, maƙwabciyar da ke kawo mini miya. Ta ajiye kwano ta ce, "Don Heber, albishirinka. Ƙungiyar makiyaya za ta binne tsohuwar manhajarka, kuma 'yarka ce mai haƙa kabarin."

Na ce, "Ke miyarki ba gishiri, bakinki kuwa gishirin ya yi yawa."

Ta ce, "Kai likita ya hana gishiri. Ni ba wanda ya hana ni magana."

Na sa ta tambayo mini, ashe gaskiya ne. Manhajar da na rubuta tun ba a yaye ki ba, wadda ta san asalin kowace saniya a wannan yanki, uwa da 'ya'yanta da jikokinta, ita aka miƙa wa kamfaninku na Montevideo a sake ta, aka kuma ɗora miki. A bakin mai miya na ji. Madalla da tarbiyya.

Ba roƙonki nake yi ba. Sai dai ki sani ban sa layin bayani ko ɗaya a cikin rubutun nan ba, domin ban rubuta shi don malalata ba. Ranar da kika maƙale, kin san ƙofar gidan da aka haife ki. Ki zo ki zauna, in zuba miki mate, in nuna miki. Kada ki buga waya, kunnena ya daina jin muryar waya. Rubuto a takarda kamar mutum.

Mahaifinki,
Heber

Montevideo, tsakiyar Agusta

Baba,

Na sami wasiƙarka. Sannu da jiki. Ka riƙa ɗora ƙafar a kan matashi, ka kuma sha maganin da aka ba ka, kada ka ɓoye shi cikin gwangwanin sukari kamar bara. Ni lafiyata ƙalau, sai aiki.

Ban gaya maka ba ne don na san abin da za ka ce. Ga shi kuwa ka ce.

Tunda ka yi tayi, ina da tambaya ɗaya. Kai da harshen C ka rubuta, inda mutum ke ɗebo wuri a ƙwaƙwalwar na'ura da hannunsa, ya mayar da hannunsa. Mu da Rust muke rubutu, shi kuwa ba ya barin mutum ya yi haka. A yadda na tsara, na'ura ce ke ƙirga hannaye nawa ke riƙe da bayanin kowace dabba. Da zarar hannu na ƙarshe ya saki, sai ta share shi, wurin ya koma fanko. Matsalar ita ce, idan saniya ta riƙe maraƙinta, maraƙi kuma ya riƙe uwarsa, ƙirgen ba zai taɓa kaiwa sifiri ba. Ko ba mai bukatarsu, suna nan riƙe da juna, sun tare wuri. A hankali ƙwaƙwalwa ta cika, na'ura ta tsaya.

Maganin da kowa ya koya shi ne uwa ta riƙe ɗa da ƙarfi, ɗa kuwa a ba shi igiya sako-sako. Idan yana neman uwar sai ya ja igiyar ya gani ko tana nan. Haka na yi. Da na zo gwaji, na cire wata saniya da aka yanka daga cikin garke, na buga takardar asalin ɗanta, bijimin da za a kai gwanjo a Oktoba. Gurbin uwa ya fito fari fat. Ba uwa, ba kaka. Shugabana Yamandú ya duba takardar ya ce, "Noelia, wannan bijimin daga sama ya faɗo? Wa zai saye shi, in ba mahauci ba?"

Na bi rubutunka kaf, ban ga inda kake sakin komai ba. Saniya na nuna ɗa, ɗa na nuna saniya, ba a mayar da wurin kowa. To yaya aka yi taka ba ta taɓa cika ba? Layi biyu sun ishe ni. Gwanjo ya matso, ba ni da sararin tafiya.

Noelia

Tacuarembó, Lahadi, ƙarshen Agusta

Noelia,

Yau an wuni ana ruwa. Nilza ta soya gurasar da ake yi ranar ruwa, na ci rabi, ciki ya ƙi karɓar sauran. Tarin ya sauko ƙirji. Maganin na nan cikin gwangwanin sukari, inda ba ya cutar da kowa.

Layi biyu kike so. Ko likita ba ya sallamar mutum da layi biyu.

Na karanta bayaninki, na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Wato an ƙirƙiro muku harshen da ke riƙe muku hannu kamar yaro mai koyon tafiya, ga shi kun faɗi da shi. Igiya sako-sako! A nan riƙon sakainar kashi muke ce wa wannan. Wane ɗan birni ne ya koya muku cewa ɗa ya ja igiya ya gani ko uwarsa na nan? Makiyayi ba nama yake saye a gwanjo ba, jini yake saye. Bijimin da ya manta uwarsa tsire ne mai tafiya da ƙafa huɗu.

Ga amsarki. Ɗaure duka biyun, tamau. Ni ban taɓa sakin komai ba, kuma tun kafin ki iya rubuta sunanki manhajata ke aiki, ba ta taɓa faɗuwa ranar gwanjo ba. Tambayi duk wanda kike so. Ke kin gaji uwarki, Allah ya jiƙan Gladys, wajen tsoron abin da bai faru ba. Ita ma haka ta ƙare rayuwarta tana leƙen sama ko za a yi ruwa, wanki na ruɓewa a baho.

Akwai sauran magana, kuma ita ce babba. Amma irin wadda ake yi ce da ƙoƙon mate a hannu, ba a takarda ba. Ki zo ki ji.

Mahaifinki,
Heber

Tacuarembó, Alhamis, ƙarshen Satumba

Noelia,

Sanyi ya fara raguwa, itacen lemon tsakar gida ya yi fure, ni kuwa yanzu sai na dafa bango nake kaiwa ƙofa. Satumba na neman ƙarewa ban ga ko kati daga gare ki ba. Kin sami abin da kike so, kin yi shiru. Akuya ma idan ta gama cin dusa tana waiwayen kwano.

Mai kawo wasiƙu ya daina tsayawa, ɗaga mini hannu kawai yake yi daga kan babur. Nilza ta ce, "Don Heber, bar tsaron ƙofa haka, za a ɗauka ɓarawo kake jira."

Na ce, "Ai ɓarauniya nake jira. Ta ɗauke aikin rayuwata."

Ta ce, "To ka yi mata addu'a ta sayar da shi da daraja."

Na gaya miki akwai sauran magana. Ban faɗa don ado ba. Ba zan sake faɗa ba.

Heber

Montevideo, farkon Oktoba

Baba,

Wasiƙunka biyu duk sun iso. Yi haƙuri da shirun, a ofis nake wuni. Ina fata ƙafar ta saɓe.

Na yi yadda ka ce. Raina bai so ba, amma lokaci ya ƙure, kuma na ce idan tsohuwar na'urarka mai ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ɗauki wannan kaya shekara da shekaru, tamu ba za ta gaza ba. Na gwada ta wuni guda, kowane bijimi ya fito da uwarsa da kakarsa. Yamandú ya ce in gode maka. Na gode. Tun makon jiya take kunne, makiyaya na duba asalin shanu ta wayoyinsu dare da rana.

Sauran maganar da kake ta cewa, ai na san ta. Yadda ka gina komai kai kaɗai, yadda ba wanda ya gode maka, yadda 'yan yanzu ba su san komai ba. Na haddace ta tun ina ƙarama, ba sai da mate ba. Abu ɗaya nake roƙonka, ka cire sunan Mama daga wasiƙunka.

Zan zo Tacuarembó ranar Alhamis saboda gwanjon Juma'a, ina nan har Lahadi. Kamfani ya kama mana ɗakuna a masauki.

Noelia

Tacuarembó, Juma'a da la'asar

Noelia,

Wannan ta hannun Nilza za ta zo miki masauki. Jikina yau da sauƙi. Na daɗe ban ji ƙarfi irin na yau ba.

Jiya na sa aka share ɗakinki, aka sayo naman haƙarƙari, na zauna da rigar fita har rana ta faɗi. Ba ki leƙo ba. Daga masaukinku zuwa gidan nan ko ni mai dafa bango zan iya zuwa. Na ce ba komai, gobe ma rana ce.

Yau na ƙure muryar rediyo na saurari gwanjo. Mai gwanjo na cikin zuba kirari ga bijimin gidan Da Rosa, farashi na hawa, sai na ji ya ce, "Uwarsa kuwa, jama'a, uwarsa ita ce..." ya yi shiru. Ya sake cewa "ita ce". Sai wani daga cikin taro ya ɗaga murya ya ce, "Tambayi bijimin mana, ko shi ya tuna!" Fili ya ɗauki dariya. Daga nan aka ce allon da ke nuna asalin shanu ya mutu, aka sa kiɗa.

Nilza na tsaye a bakin ƙofa ta ce, "Wayyo yarinyar nan! Don Heber, murmushi kake yi?"

Na ce, "Haƙorina ne ke ciwo."

Ta ce, "Kai da ba ka da ko ɗaya?"

To, 'yar nan. Kin ce kin haddace sauran maganar. Ga hadda ta yi rana. Na san abin da ya kashe na'urarki, kuma jimla ɗaya ce. Nama na nan, ruwa na kan wuta. Ki zo da ƙafarki ki tambaye ni kamar yadda 'ya ke tambayar ubanta, in gaya miki kafin ruwan ya tafasa.

Mahaifinki,
Heber

Masauki, Asabar

Tsoho,

Nilza ta kawo takardarka. Ta kasa haɗa ido da ni. Na ji daɗi da jikinka ya yi sauƙi, na kuma ga abin da ya warkar da kai.

Bari in ba ka abin da rediyo bai nuna maka ba. Ina durƙushe a bayan rumfa da kwamfuta a cinya, Yamandú na tsaye a kaina yana kiran sunana kamar mai kiran kare, tsoho Da Rosa mai bijimin kuma ya cire hularsa yana dukan shinge da ita, domin masu sayen da suka zo daga nesa sun fara komawa motocinsu. An ƙarasa gwanjo da takarda da fensir. Bijiminsa ya tafi a wulaƙance. Yamandú ya ce ranar Litinin zan miƙa aikin ga wani.

Ana cikin haka sai ga Doña Mirta, tsohuwar sakatariyarka ta ofishin ƙungiya, da sandarta da jakarta. Ta leƙo ta ce, "Noelita, ke ce kika girma haka? Me ya sami abin?"

Na ce, "Ƙwaƙwalwarta ce ta cika, Doña."

Ta ce, "Yo ku kashe ta mana, ku je ku ci abinci. Yaushe rabon ku kashe ta?"

Na ce, "Ba a kashe ta. Tun makon jiya take kunne."

Ta kama haɓa ta ce, "Tun makon jiya! Ai mu da rana ta take, kafin a rufe ofis a tafi ƙailula, sai an kashe ta. Da yamma ma haka. Dokar ubanki ce. Wata rana na manta na bar ta kunne, da ya dawo ya zage ni har na yi kuka. Ya ce idan ta wuce rabin yini ba a kashe ta ba, za ta ƙoshi ta mutu."

Jimlarka ke nan. Manhajarka ba ta taɓa faɗuwa ba saboda garin nan na barcin rana. Tun ranar farko take cin wuri ba ta mayarwa, ƙailular Doña Mirta ce ke share maka. Ka san tawa ba a kashe ta. Na rubuta maka cewa dare da rana take aiki, wasiƙar na hannunka kwanaki kafin gwanjo. Kati ɗaya ya isa. Ka zaɓi ka sayi haƙarƙari ka kunna rediyo.

Ni ma da laifina. Na san zobe ne, uwa riƙe da ɗa, ɗa riƙe da uwa, na san ba ya sakin kansa, na ɗaura shi don ubana ya ce. Wannan kuskuren ba zan sake yi ba.

Na gyara ta jiya kafin rana ta faɗi, ba don Yamandú ba, don kada in bar wa na bayana ƙazanta. Ashe amsar juya igiyar ce kawai. Yanzu maraƙi ne ke riƙe uwarsa da ƙarfi, ita kuma ta riƙe tata uwar, har can sama. Muddin akwai jika ɗaya a raye cikin garke, ba a share kakarsa. Igiyar sako-sako kuwa tana hannun uwa, idan ta ja ta ga ɗan ya tafi, shi ke nan, ba ta da ikon tsare shi. Ba zobe, ba cika, ba gurbi fari. Abin da ka faɗa game da jini gaskiya ne, shi kaɗai na ɗauka.

Za ka tambayi uba. Ba igiya tsakaninsa da kowa. Yawancin maraƙan nan ba su taɓa ganin ubansu ba, maniyyinsa kawai aka kawo a bututu. Lamba ce kawai a gefen takarda. Idan wani ya tambaya, a je rumbu a ɗauko shi, a nuna, a mayar. Ba ya zama a ƙwaƙwalwa.

Ka ce Mama ta ƙare tana tsoron abin da bai faru ba. Ni na tuna tana leƙen hanya, ba sama ba, abinci na hucewa, kai kana ofis kana lallashin na'ura. Ita ta jira. Ni ban gaji wannan ba.

Ƙungiya za ta zubar da tsohuwar na'urarka. Doña Mirta ta hana, ta ce a ba mai ita. Tana ɗakina. Kafin in bar garin gobe zan ga ta iso gidanka.

Noelia

Tacuarembó, Litinin

Noelia,

Yau Litinin. Tarin ya dawo, ƙafafun biyu duk sun kumbura.

Na karanta wasiƙarki. Ban yi miki ƙarya ba. Duba takardata, na ce ban taɓa sakin komai ba, gaskiya ne. Na ce ba ta taɓa faɗuwa ba, gaskiya ne. Na ce akwai sauran magana, har sau biyu. Ke kika ce kin haddace. Mirta kuwa tun da can bakinta ba ya rufuwa, shi ya sa ba ta yi aure ba. Juya igiyar da kika yi ba laifi. Da kin zo da ni na nuna miki, kuma da na nuna miki da kyau.

Ranar Asabar na ce wa Nilza, "Kin ji, ta ce za ta kawo na'urar gobe."

Ta karɓi takardar ta duba ta ce, "Don Heber, ba ta ce za ta kawo ba. Ta ce za ta ga ta iso."

Na ce, "Ke da ba ki gama firamare ba za ki koya mini karatu? Yarinyar da ta cika shafi uku da zagi ba ta gama magana ba. Za ta zo ta ƙarasa a gabana. Ki gasa naman."

Washegari Lahadi ta gasa. Na sa rigar fita. Na ce a fito da kujera biyu ƙarƙashin lemon, na ɗauko ƙoƙon mate na uwarki, wanda ba a taɓa ba tun rasuwarta, na sa aka wanke.

Da hantsi mota ta tsaya a ƙofa. Na miƙe ba tare da na dafa bango ba. Direban haya ne, wani mai ƙaton ciki, rungume da kwali. Ya ce, "Nan ne gidan Heber Texeira? Ina zan ajiye?"

Na ce, "Ina matar da ta aiko ka?"

Ya ce, "Ta biya ni, ta ce a ajiye a hankali, tsohon kaya ne."

Na ce, "Tana tafe a baya?"

Ya ce, "Baba, ni kwali aka ba ni."

Na sa shi ya ɗora ta a kan tebur ya haɗa mini wayoyin. Ta kunnu, Noelia. Ta yi ƙugin nan nata, koren rubutu ya fito, na kira saniyar farko da na taɓa shigarwa, ta zo da 'ya'yanta duka, kowa riƙe da kowa. Da rana ta take na kashe ta, kamar yadda doka ta ce.

Na koma kujera. Na ce motar Montevideo sai da yamma take tashi, akwai lokaci. Nilza ta leƙo sau da yawa, daga baya ta daina leƙowa. Na sake ɗumama ruwan har butar ta ƙone a gindi. Daga tsakar gida ana jin motar idan ta hau gada, ko da kunne irin nawa. Na ji ta.

Ɗakinki na nan a share. Ban san ko za ki buɗe wannan ba. Idan kin buɗe, ki sani maganin da ke cikin gwangwanin sukari na fara sha yau, ba don kin ce ba.

Naman na ba karen Nilza. Kujera ta biyu tana nan ƙarƙashin lemon, ba ni da ƙarfin shigo da ita, raɓa ta jiƙa ta. Jiya Lahadi na jira 'yata har inuwa ta bar tsakar gida. Ba ta zo ba.

Mahaifinki,
Heber